Ken Balo, mai ilimin da ya ji kunyar gidansu

A ƙasar Ingila akwai wani wasan kwaikwayo na talabijin, sunansa Coronation Street. An fara nuna shi ran 9 ga watan Disamba 1960, watau shekarar da Nijar ta samu ƴancin kanta. Labari ne na talakawan wata unguwa kusa da birnin Mancesta. Kashi-kashi ake nuna shi, kowane sati. A shekarar 2020 anka nuna kashi na dubu 10.

Cikin wasan akwai wani mutum da ake ce ma Ken Balo. Ɗan wasan da ke fitowa da wanga suna shi ne Wiliyam Roc, wanda anka haifa a 1932. Ya shiga tun kashi na farko, shina da shekara 28. Ya yi fiye da shekara 60 shina wanga aiki. A 2010 ya zama wanda ya fi kowa daɗewa cikin irin wanga wasa a duniya.

To, mi ya kawo zancen Bature cikin littafinmu? Ku saurara ku ji.

A kashi na farko, Ken saurayi ne ɗan jami'a. Ubansa mai raba wasiƙu ne. Uwarsa kuwa tana aiki ɗakin girki na wani otel. Karatu ya sa Ken ya fara ganin gidansu bai kai ba. Ko wajen cin abinci sai sun yi ka-ce-na-ce da uban. Ran nan budurwarsa ta zo gidan, ta iske uban da ƙanensa suna gyaran keke tsakar ɗaki. Kunya ta kama Ken, sai ka ce sata anka kama su suna yi. Shekara na zagayowa, a 1961, mota ta kaɗe uwar ta mutu.

Ken ya zama malamin lakwal, ya kuma yi aikin jarida. Amma ilimi bai hana shi kuskure ba. Da matarsa ta fari ta rasu a 1971, sai ya tura tagwayensa wajen kakanninsu, can nesa. Ɗan ya girma da haushin uban a zuci. Matar da ya aura a 1981, cin amana ya raba su, sai a 2005 sunka sake ɗaura aure. Unguwar da ya raina kuwa, nan ya tsufa, nan ya yi jikoki.

Wasu na cewa kallon irin wanga wasa ɓata lokaci ne. Suna da gaskiyarsu. Akwai shan giya a ciki, akwai neman matan mutane, abubuwan da ba mu so ƴaƴanmu su ɗauka. Amma ni a ganina, dogon wasa shina da amfanin da gajere ba shi da shi. Fim na awa biyu, da an yi biki sai a tashi. Dogon wasa kuwa shina nuna maka shuka, ya nuna maka girbi. Ka ga abin da mutum ya yi shina yaro, ka ga yadda abin ya biyo shi har furfura.

Ƴan'uwa, ku da kunka fara karatu yanzu, abin da ya samu Ken na iya samun kowa. Yau ka iya rubuta sunanka. Gobe ka karanta takardar likita, ka yi lissafin kuɗin gujiyarka da kanka. Jibi sai ka ji kana ce ma maƙwabcinka jahili, kana dariyar tsohonka don shina dangwala yatsa a takarda. Alhali da gumin wanga tsoho ka girma.

Karatu don taimako ne. In an kawo wasiƙa gidan da ba mai karantawa, ka karanta masu, ka kuma riƙe asirinsu. In matarka ko ƙanwarka na son shiga aji, kada ka hana ta. Tushiya mafarin dawa. Duk inda ilimi ya kai ka, ka tuna gidan da ka fito.