Ba Sanyin Gari Ke Gyara Ƙanƙara Ba

Marubucin da ya ce filayen hokin ƙanƙara na Kanada sun fi na Amurka don ƙasar ta fi sanyi bai yi bincike ba. Ƙanƙarar filayen nan, mai kaurin kusan santimita 3, injuna ke daskarar da ita daga ƙarƙashi. Laima da yawan hidima ke lalata ta. Za a ce ai filin Montreal 'yan wasan gasar hoki ta NHL suka sha zaɓa a matsayin mafi kyawun ƙanƙara. Haka ne, amma Toronto fa? Ita ma a Kanada take, kuma ana kuka da ƙanƙararta kamar ta filin Madison Square Garden na Amurka, domin duka biyun ana rufe su a buga ƙwallon kwando a kai.