Tuta Ba Ta Isa Shaida Ba, Ku Nemi Takardun 'Yan Mazan Jiya

Kwanakin baya wata dattijuwa da ke ajinmu na yaƙi da jahilci ta zo mani da ƙunshi. Da na kwance sai ga tsohuwar tutar Nijeriya, kore da fari, wadda marigayi mijinta ya dawo da ita daga yaƙin basasa. Na tambaye ta lambarsa ta soja, ta ce gara ta cinye takardun. Jama'a, wannan abu ya tsaya mani a rai.

An fara yaƙin nan ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Iyayenmu da dama sun yi shi a Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ko ta Biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad, wanda a 1976 ya kafa Abujan nan domin kowane ɗan ƙasa. Amma yau ana kiran jikokinsu baƙi. A ganina, takardar da ke nuna kakanka ya sa ransa don ƙasa ta zauna ɗaya tana cikin amsar da za ka bayar.

Tuta abin girmamawa ce, amma ba a biyan haƙƙi da ita. Abin da ofis ke tambaya shi ne lambar soja, da muƙami, da bataliya, da takardar sallama. Ku duba bayan tsofaffin hotuna da cikin adaka. Wanda tsohonsa ke raye ya zauna da shi yau, ya rubuta abin da ya faɗa. Sannan a tuntuɓi ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Nigerian Legion. Hukumar fanshon sojoji tana nan Dutsen Alhaji, ofishin adana bayanan sojojin ƙasa kuma yana Lakwaja. Ku kai buƙatarku a rubuce, ku riƙe kwafi.

Wani zai ce tone-tone ne. A'a. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙin da ke adana kayan ɓangarorin biyu, don kada a manta, kada kuma a maimaita.

Wanda bai iya rubutu ba ya same ni bayan darasi, mu rubuta tare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, amin.

Sakataren Ƙungiya