Kafin Ka Sauya wa Jita Jaki



Masu goge da molo suna kiran ɗan itacen da tsirkiya ke hawa kansa jaki, domin shi ke ɗaukar kaya. Jitar lantarki ma tana da nata jakin, sai dai na ƙarfe ne, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ƙera maka sabo ka cire na asali. A nawa ra'ayin, kada mutum ya taɓa jakin jitarsa har sai ya iya faɗin cutar da yake son magancewa.

Cuta kam akwai ta. A ƙarshen shekarun 1970, wani Ba'amurke mai suna Floyd Rose ya gaji da yadda tsirkiyoyinsa ke kwancewa duk sanda ya danna sandar lanƙwasa sauti. Sai ya ƙera jaki mai damƙe tsirkiya, da wani maɗauri a saman wuyan jita, ya samu rajistar ƙirarsa a 1979. Eddie Van Halen ya ɗauka, makaɗa suka bi sahu. Haka tsohuwar Telecaster ta Fender, tsirkiya shida ce a kan mazauni uku, biyu-biyu. Ka daidaita tsawon ɗaya, ka ɓata na 'yar'uwarta. Wanda ya sa mata jaki mai mazauni shida yana da hujja.

Inda nake ja shi ne batun daɗin sauti. Tun shekarun 1970 masu kaɗa jitar bas ke sayen jaki mai nauyi irin Badass na Leo Quan, wai amo ya fi daɗewa. Gaskiya ne Marcus Miller yana da shi a jikin Jazz Bass ɗinsa ta 1977. To amma James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a ɗimbin waƙoƙin Motown, da siririn farantin ƙarfen da ya zo da Precision ɗinsa ya yi aikinsa. Ashe sirrin yana hannu.

Sannan a tuna da asara. Sau da yawa sai an fafe jikin jita kafin Floyd Rose ya zauna, itacen da aka fafe kuwa ba ya dawowa, darajar tsohuwar jita ta faɗi ke nan. Kuma idan jakin yana lilo a kan sifirin, tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun karkace. Garin neman gira a rasa ido.

Shawarata, ka fara sa sababbin tsirkiyoyi, ka kai wa mai gyara ya daidaita wuya da mazaunai. In cutar ta ƙi, nemi jakin da zai zauna a ramukan da ke nan, ka adana tsohon a aljihun jaka.

Sai mun sake haɗuwa.