Hoton 3D na shago: kyau kaɗai ba ya gina kanta

Duk mai yawo a Instagram ko TikTok ya sha cin karo da su: hoton shagon waya ko na turare, gilashi na walƙiya, tayil kamar madubi, fitilu jere a silin, alhali shagon babu shi a ko'ina. A kwamfuta aka gina shi. Matasa da dama sun rungumi wannan sana'a ta zanen 3D, suna nuna wa mai shago yadda wurinsa zai kasance tun kafin kafinta ya buga ƙusa. Sana'a ce mai ci. Sai dai wata ɗabi'a na neman ɓata ta: ana rige-rigen fitar da hoton da zai burge, an bar hoton da za a iya ginawa.

Aikin dai ba tsafi ba ne. Mai zane yana gina bango, kanta da teburi a manhaja irin su Blender, SketchUp ko 3ds Max, ya lulluɓe kowanne da kamannin katako, ƙarfe ko gilashi, ya sa fitilu. Daga nan kwamfuta ta lissafa yadda haske ke dukan abu ya dawo ya faɗa kan wani. Wannan lissafi ne ke sa hoton ya yi kama da wanda aka ɗauka da kyamara. Blender ma kyauta ce tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 suka fanshe ta.

Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, mai sayar da kayan ɗaki, ya nuna inda wannan fasaha za ta iya kaiwa. A 2006 ya sa hoton kujera ɗaya da aka zana a kwamfuta cikin littafin tallarsa. Zuwa 2014, kusan kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansa na kwamfuta ne. Darasin yana nan: kujerar da ke cikin hoton tana nan a ma'ajiyar kamfanin, da tsawonta da faɗinta. Hoton bai yi alkawarin abin da babu ba.

Hoton shago kuwa yakan yi ƙarya ta hanya uku. Ta farko ita ce kyamara. Idan aka buɗe idonta da yawa, shago mai mita 3 da 4 sai ya koma kamar falon attajiri. Kamata ya yi a tsayar da ita daidai idon mutum, wajen mita 1.6, a kuma sa mutane a ciki. Nan take za a ga cewa ratar da ba ta kai mita ɗaya ba tsakanin kanta da teburi, da ƙyar mutum biyu za su wuce juna.

Ta biyu haske ne. Ƙwan fitila mai kelbin 3000 haskensa ya karkata ga rawaya, mai 6500 kuma fari ne mai ɗan shuɗi, kuma kowanne na sauya launin kaya. Shi ya sa mai sayen atamfa a Kantin Kwari ke fitar da ita waje ya duba a rana. Mai zane na gari zai yi amfani da irin ƙwan da za a saya, ya kuma fitar da hoto na biyu da wuta a ɗauke, hasken ƙofa kaɗai, tunda haka shagon zai wuni a ranaku da yawa.

Ta uku kayan aiki ne. Fallen katakon da kafintoci ke saye ƙafa 4 da 8 ne. Kantar da ba ta lura da wannan awo ba asarar katako ce. Dutsen ado da aka sauke daga intanet kuma, in babu shi a kasuwa, mai shago zai ƙare da wani abu daban.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney sun ƙara dagula lamarin. Suna fitar da shago mai ɗaukar ido cikin daƙiƙu, amma babu awo ko ɗaya a bayansa. Sun dace da neman dabara, ba da yanke farashi ba.

Masu zane za su ce kwastoma ne ke son ƙyalƙyali, kuma wanda ya nuna gaskiya zai rasa aikin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma a kasuwa kamar Farm Centre ta Kano, inda shago ke manne da shago, labari ba ya kwana. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa kan hoto, ya ga abin da aka gina bai yi kama da shi ba, zai faɗa wa duk layin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka, kafin mai shago ya biya kafin alkalami, ya nemi abu uku tare da hoton: taswirar shagon da awon kowace kanta, jerin kayan da za a saya da inda ake samunsu, da hoton shagon babu wuta. Mai zanen da ya iya aikinsa ba zai ji haushin wannan buƙata ba, don a nan ne zai bambanta da wanda ya iya danna maɓalli kawai.