Kalmar sirrin Wi-Fi ta gidanka ba goro ba ce

A ƙarshen watan jiya na kama hanyar Bauchi don ganin iyali, kamar yadda da yawa daga cikinmu da aikin gwamnatin tarayya ya ajiye a Abuja muke yi idan albashi ya shigo. Tun kafin mu wuce Jos uwargida ta kira tana ƙorafin cewa datar wata guda da na saka wa rautar gida ta ƙare a kwana goma sha ɗaya. Da na isa gida a unguwar Federal Low Cost, bayan sallar isha'i na sake saka data, na buɗe shafin sarrafa na'urar, sai na tarar da wayoyi goma sha huɗu a kanta, alhali masu waya a gidan su biyar ne. Da muka bi diddigi, ashe ranar wani suna aka ba yaron maƙwabta kalmar sirrin. Wayoyin zamani kuwa suna iya mayar da ita alamar QR da kowa zai ɗauka da kyamara, don haka ta zaga layin ba tare da wani ya sake neman izini ba.

Asarar data tana da ciwo, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Amma ita ce mafi ƙanƙantar abin da ya dame ni a daren nan. Rautar da yawancinmu muke saya layin waya ne a cikinta, kuma tun daga watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015 kuma ta ɗora wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu na tsawon shekara biyu. Ke nan duk wanda ya hau intanet ta na'urarka, da sunanka ya fita duniya. Idan ya yi damfara, ko ya aika wa wani saƙon barazana, ƙofarka masu bincike za su fara ƙwanƙwasawa. Mai yiwuwa daga baya gaskiya ta wanke ka, amma duk ma'aikacin da ya san yadda ake kallon takardar gayyata daga 'yan sanda ko EFCC a fayil ɗin mutum, ya san ba kowane wanki ne ke fitar da tabo ba. Balle hadimin minista ko na ɗan majalisa, wanda jita-jita kaɗai ta isa ta raba shi da kujerarsa.

Ba na son in tsorata kowa da abin da babu. Maƙwabcin da ya shiga Wi-Fi ɗinka ba zai iya karanta saƙonninka na WhatsApp ba, domin a ɓoye suke tafiya, haka ma yawancin shafukan banki. Haɗarin yana wani waje. Wanda ya shigo ya zama ɗan gida a idon na'urar: yana iya ganin kwamfutar ofis da ka zo da ita hutu, da na'urar buga takardu, da kyamarar tsaro da ka kafa a ƙofa don ka riƙa leƙa gida daga Abuja. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu muna tafiya da daftarin wasiƙu, jerin sunayen ma'aikata da lambobinsu na IPPIS, har da takardun kwangila. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta ce amanar waɗannan bayanai ta tsaya a bakin ƙofar sakatariya ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kalmar sirri biyu ce a kowace rauta. Ɗaya ta hawa intanet, ɗaya ta shiga shafin sarrafa na'urar, wanda adireshinsa yake rubuce a jikinta, galibi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ta biyun ita ce makullin ɗakin maigida, kuma a na'urori da dama kalmar “admin” ce kawai tun daga masana'anta. Wanda ya shiga nan yana iya sauya saiti ya riƙa karkatar da mutanen gida zuwa shafukan bogi, ko ya kulle ka waje da kayanka. A 2016, manhajar ɓarna da ake kira Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta guda sittin da 'yan kai, sannan aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka.

Gyaran bai kai tsawon zaman shan shayi ba. A sauya kalmomin biyu, kada kuma a sa lambar waya, domin duk unguwa ta san lambar maigida. Jimla mai tsawo ta kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ta fi. A sashen tsaro a zaɓi WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018 idan na'urar tana da shi. Tsohon tsarin WEP kuwa an daɗe da fasa shi. A kashe WPS, wanda tun a ƙarshen 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma takwas tana faɗuwa cikin gwaji kimanin dubu goma sha ɗaya, aikin 'yan sa'o'i ga kwamfuta. Idan mai gyara ne ya saita maka, ka sauya komai bayan tafiyarsa. Sunan hanyar kuma kada ya zama sunanka da muƙaminka.

Na san inda za a ƙalubalance ni. A Bauchi, kamar sauran garuruwanmu, hana maƙwabci abin da ya roƙa abin kunya ne, kuma wanda ake ganin yana cin albashin Abuja shi ake fara kira marowaci. Uwargida ma abin da ta faɗa ke nan: da wane baki za ta ce wa ɗan maƙwabta a'a, bayan ita da mahaifiyarsa suna aron turmi da tukunya? Hujjarta tana da ƙarfi, kuma ban ce a daina kyauta ba. Rautoci da dama suna da hanyar baƙi ta daban, mai kalmar sirrinta, wadda za a iya saita ta ta kai mutum intanet ba tare da ya ga kayan cikin gida ba, a wasu ma ana iya ƙayyade yawan masu hawa. Wannan bai cire sunanka daga kan layin ba, saboda haka sai ka san wa ka ba, ka kuma sauya kalmar bayan kowane biki. Da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya zai sa waɗannan 'yan matakai a takardar sanarwa guda ga ma'aikata, da ta yi amfani fiye da taron bita da yawa.

Washegari da safe yaron ya zo gaishe ni, yana ta juya waya a hannu. Ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ya ce aikin makaranta yake saukewa. Na karɓi wayar na saka masa kalmar hanyar baƙi da hannuna, na kuma faɗa masa cewa kowace Juma'a zan sa a duba jerin masu hawa, idan an ga baƙuwar waya a rufe hanyar.