Yunwar damana tun kaka take farawa

Ƴan uwa manoma, kaka lokacin murna ce. An yanke hatsi, an ɗaure damma, rumbu ya ɗauki kaya. Amma a wannan lokaci ne ya kamata mu zauna mu yi lissafi. Yunwar da ke shiga gidajenmu a watan Yuli da Agusta, sau da yawa tun Oktoba take farawa.

Kowa ya san halin kasuwa. Da kaka hatsi yana araha, domin kowa ya kai nasa a lokaci ɗaya. Ɗan kasuwa ya saya, ya ajiye. Da bazara kuɗin tiya ya fara hawa. In damana ta yi tsaka, rumbunmu ya ƙare, sai mu koma mu sayi hatsin da muka noma da tsada. Wanda ba shi da kuɗi ya ci bashi, za ya biya da damma in kaka ta zo. Wani ya bar gonarsa cikin haki, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya ɗaya. Gonar da ba ta samu noma a kan kari ba, amfaninta ya ragu. Haka yunwar bana take haifar ta baɗi.

Yara su ne suka fi shan wuya. Lokacin da cimaka ta yi ƙaranci, lokacin ne sauro ya yi yawa. Yaron da bai ƙoshi ba, zazzaɓi yana saurin kayar da shi.

Mu tuna shekarar 2005. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, ga fara ta yi ɓarna a wasu wurare. Kafin sabon hatsi ya nuna, buhu ya kusa jika 30 a kasuwanni da yawa. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da abin saye. Jihohin Maraɗi da Damagaram, inda aka fi noma, nan ne aka ga yara masu tamowa da yawa.

To, me za mu yi? Abu na farko shi ne lissafi. Tiya 40 ke cika buhu. Gidan mutum 8 yana cin wajen tiya 2 a rana. A shekara tiya 730 ke nan, wato buhu 18 da ɗan ɗori. Kowane mai gida ya zauna da matan gidan, domin su ne suka san abin da ake dakawa kullum. A fitar da zakka, a ware iri, a ware cimakar shekara. Abin da ya saura shi ne na sayarwa. In bai kai ba, gara mu sani tun yanzu, da sauran lokacin neman dabara: noman rani, kiwo, ko wata sana'a.

Wani za ya ce: "Ai dole ce ke sa mu sayar. Ga bashi, ga magani, ga kayan lakkol, ga aure da suna." Gaskiya ne, ba wanda ke sayar da cimakarsa don daɗi. Amma ba kowace buƙata ce sai hatsi zai biya ta ba. Mu fara da gujiya, riɗi, aya ko akuya ɗaya. Biki kuma a yi shi daidai ƙarfi. Hatsin da aka dake a yini biyu na biki yana iya ciyar da gida wata guda.

Wake ma kuɗi ne, in mun iya ajiyarsa. Muna gaggawar sayar da shi don tsoron ƙwari. Buhun PICS mai riɓi uku yana maganin wannan: leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban. Iska ba ta shiga, ƙwari sun mutu, ba a sa guba ba.

Akwai kuma ƙarfin ƙungiya. A garuruwa da yawa manoma suna tara kayansu a mangaza ɗaya, asusun bashi ya ba su rance a kan kayan. Kuba biyu ake sa wa ƙofa, ɗaya ta ƙungiya, ɗaya ta mai ba da rance. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe, kowa ya ɗauki nasa. Ma'aikata suna kiran wannan warantaji. A sani akwai ruwan bashi da kuɗin ajiya, kuma wata shekara kasuwa ba ta hawa sosai, don haka rancen a sa shi cikin sana'a. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa ɗan kuɗin da ake zubawa kowane mako yana hana gida sayar da hatsi ranar rashin lafiya. Rumbun tsimi na gari shi ma yana taimako, in kwamiti yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yana karanta wa jama'a.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma bakin rumbu a hannunmu yake. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kafin mu kai dami ɗaya kasuwa, mu ƙirga bakunan da ke gida, mu ƙirga watannin da suka rage.