Bakin Da Ba Ya Motsi Ba Ya Koyon Turanci

Mu malamai mun daɗe muna ganin wani abu mai ban takaici. Ɗalibi zai yi shekara shida a sakandare, ya san nahawun Turanci, ya rubuta insha'i mai kyau, amma in baƙo ya yi masa tambaya ɗaya sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A aji malami ke magana, yara na kwafa. Ko takardar furuci ta jarrabawar WAEC da fensir ake amsa ta, ba wanda ke buɗe baki. Tarar da ake ci wa mai yin Hausa a makaranta kuwa, shiru kawai take koya wa yaro.

Shawararmu ita ce a koma ga wasan kwaikwayo, irin wanda 'yan wasa ke ƙirƙiro maganarsu nan take. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Yaran da ke tashe ba su riƙe takarda, haka ma yawancin matasanmu masu wasan Kirsimeti a majami'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, ɗalibai sun riƙa shiga ƙauyuka suna tsara wasa tare da manoma a kan matsalolinsu.

Hanyar ba ta da wuya. A raba aji biyar-biyar, a ba kowane rukuni matsala: mai haƙuri a gaban likita, ko fasinja da ɗan kamasho a tasha. Su tattauna, su fito su yi da Turanci. Kada malami ya katse su. Ya rubuta kurakuran, a gyara bayan an gama. Yaron da ke wasan likita ba ya jin kunyar kuskure, domin a ganinsa likitan ake yi wa dariya. Kuma tun da bai san abin da abokinsa zai faɗa ba, dole ya saurara ya nemo amsa, kamar yadda zai yi ranar ganawar neman aiki.

Wasu za su ce surutu ne da ɓata lokaci, ga manhaja ba a gama ba. Gaskiya akwai surutu. Amma da rarrafe yaro kan tashi. Muna roƙon hukumar makaranta ta ware darasi ɗaya a mako domin wannan, iyaye kuma su zo kallo. Ku kuma ɗalibai, in an kira ku gaba, ku tashi ku yi magana ko da za a yi dariya.